Takalmi a Ƙeyar Ɗan Wasa

A ɗakin jiran ganin likita, wata dattijuwa ta juya wajen mutumin da ke gefenta, kansa naɗe da bandeji.

"Ɗan nan, jiya na ga rashin kunya! Jikata ce ta ja ni kallon wasan kwaikwayo, wai za a nuna mana yadda mutanen da suke yinsa. Ana tsakiyar wasa wani ƙato ya miƙe a gabana yana yi wa 'yan wasan ihu. Na cire takalmi na kwaɗa masa a ƙeya, har hannuna ya gurɗe."

"Innalillahi! Mama, ashe ke ce? Ɗinki huɗu aka yi min!"

"Kai ne ƙaton?"

"Ai ni ma ɗan wasa ne! Haka 'yan kallo suke yi a zamanin da, shi ne aka zaunar da ni a cikinku in kwatanta."

"Na shiga uku! Shi ya sa aka yi ta tafa min?"

"Sun ɗauka ke ma tamu ce. Tun safe shugabanmu yake cigiyarki, wai ki dawo yau ki maimaita."

Ta dubi hannunta da ya kumbura.

"To, na hagun dai lafiyarsa ƙalau."