Kifi Biyu na Jidda

A kasuwar Kalgo na ji wata mata tana jayayya da mai kifi.

"Malam, duka na ce. Waɗannan biyun fa?"

"Ba na sayarwa ba ne, Hajiya. Ɗiyata Jidda, shekararta huɗu, malamarsu ta sa kowa ya zana abincin gidansu. Ta zana tuwo kaɗai. Aka ce ina kifi, ba babanki masunci ba ne? Sai Jidda ta ce wai kifinmu na mutane ne! Gaban yara duka!"

"To, ƙarya ta yi?"

"Ina ruwan makaranta da tukunyata?"

"To sayar mini mana, ka huce."

Ya jawo kwandon kusa da ƙafarsa.

"A'a. Gobe za su sake zane."