Jarkar Zoɓo a Gidan Suna

Salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu, iyayena da 'yan'uwana na zumuntar mata. Ku yi haƙuri da muryata, har yau ba ta gama dawowa ba.

Ni ce Rifkatu. A wata babbar gonar kamfani nake aiki, can wajen Dawakin Tofa. Ni ke kula da lafiyar ma'aikata: wa ya rufe hancinsa, wa ya yi wanka bayan feshi. Jarkokin maganin ƙwari ma a hannuna suke. Da zarar magani ya ƙare, sai in sa ƙusa in huhhuda jarkar, don kada wani ya zuba ruwan sha a ciki.

To, kun san darajar jarka a ƙauye. Har gida mata ke biyo ni roƙo, wai za su wanke da toka da sabulu. In ce ko kogi kuka kai ta, dafin ya riga ya kama robar. Har suna suka laƙaba mini, wai Mai Ƙusa. Ni kuwa ba a taɓa ni in yi shiru, sun sha baƙar magana a bakina. Addu'a kam, ba zan ɓoye muku ba, sai ranar Lahadi.

Malam Sule, maigadin gonar, maƙwabcina ne, mutumin kirki. Matarsa ta haihu. Ranar suna ina wurin aiki, sai na aiki 'yata Hannatu da kayan barka. Ashe ya ɓoye wata jarka kafin ta zo hannuna, a ciki aka zuba zoɓon baƙi.

Da la'asar aka kira ni gidan sunan. Wayyo Allah! Tsakar gida mutane kwance, sai amai ake. Hannatu na kan tabarma, yawu na dalala, jiki na karkarwa, ido ya kafe. Wata tsohuwa na ƙoƙarin ɗura mata manja. Na ture hannunta na daka tsawa: "Ku bar manjan nan, ku nemo mota!" Ina juyawa na hango jarkar a gindin randa, ko huda ɗaya babu. Daga murfinta na gane ta.

Inna, mahaifiyar Malam Sule, ba ta kai asibiti ba. A hanya ta cika, kanta a kan cinyata.

A asibiti aka shige da Hannatu, aka bar ni a baranda. Malam Sule ya zo ya tsuguna gabana, hularsa a hannu. Ya ce, "Maman Hannatu, wallahi an wanke ta, an sake wankewa." Na buɗe baki in zazzaga masa abin da ke cikina. Maimakon haka sai na zube ƙasa na ce, "Yesu, na yi ta magana ba wanda ya ji ni. Kai ka ji ni. Kada ka bar ni in binne yarinyar nan." Iyakar addu'ar ke nan, sauran duk kuka ne.

Hannatu ta daɗe ba ta san wanda ke kanta ba. Likita ma ya daina haɗa ido da ni. Wata safiya ina goge mata fuska, sai na ji, "Mama, ruwa." Halleluya! Ga ta can a zaune. Hannatu, miƙe su gan ki. Hannunta na dama har yanzu yana rawa, biro ma da ƙyar take riƙewa, amma tana nan da ranta.

Bayan an watse zaman makokin Inna, Malam Sule ya yi sallama a ƙofata da buhu a kafaɗa. Jarkoki ne, gida-gida ya bi ya karɓo. Ya zube su, bai ɗago kai ba, ya ce, "Ara mini ƙusar."

Na gode wa Ubangiji da bai bar ni na buɗe bakin nan a kansa ba, na gode masa da ya maido mini 'yata. Ku riƙe shi tun yanzu, 'yan'uwa, kada ku bari sai kun tsinci kanku a barandar asibiti kamar ni. In kun koma gida yau kuma, don Allah ku duba abin da kuke zuba wa yara ruwa a ciki. Amin.