Abin da Ba a Nuna Ba

A gafarta wa mai rubutun nan, yau ta fara. Kunne kawai ta kasa a ɗakin jiran likita.

"Innalillahi! A kashin ƙarshe na wasan talabijin ɗin nan 'yar ta harbe ubanta!" in ji wata mai goyo.

Dattijon gefenta ya zabura. "Shi da ya dawo neman gafara?"

"Bayan ya gudu ya bar su? Ta yi daidai, Baba!"

"Haba 'yata, ai kullum yana zuwa bakin makarantarta, ya tsaya nesa, ya kasa magana."

Matar ta ƙura masa ido. "Baba, ba a nuna wannan ba fa."

Dattijon ya sunkuyar da kai, ashe labarin kansa ya faɗa. Yarinyar da ke rubutun nan ta rungume littafinta, ta sulale waje.