Wasiƙu Bakwai a Adakar Goggo

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Daga Roni nake rubutowa, kuma har yanzu ban dawo daidai ba.

Zamanin Turawa ina makarantar kwana a Kano, sankarau ya ɓarke, aka sallame mu gida. Aka ce darussa da ranar jarrabawa za su biyo mu ta hannun iyaye. Na yi ta jira shiru, jarrabawa ta wuce, na maimaita aji.

Makon jiya muka buɗe adakar marigayiya Goggo, yayar mahaifina. Sai ga wasiƙun makarantata bakwai a ciki, ko ɗaya ba a farke ba! Na tambayi ƙaninsu da ya rage, ya ce, "To ai ke 'yar fari ce. Mahaifin naki da ko sunanki ba ya faɗi, shi zai karanta zancenki gaban masinja? Cewa yake a kai wa Goggo." Ita kuwa ba ta san boko ba, sai ta adana su da turare. Sun adanu kam.

Ni ko na tsufa ina zagin Baturiyar shugabar makarantarmu, ina zaton ita ce ba ta aiko ba. Jama'a, ta ina zan nemi gafararta?