Gyaɗar da Na Musanya wa Jikana

Ƙulun ƙulufit, mai gabatarwa: wa ya kayar da malami a gwaji, alhali ko ajin bai leƙa ba?

Assalamu alaikum. Ni ce Iya Tabawa daga Balan. Jikana Sadisu, angona na wasa, malamin sakandare ne a Ajingi. An kai su horo kan yadda za su koya wa ɗalibai horar da kwamfuta ta gane abu daga hotuna. Aikinsa shi ne ya sa kwamfutar ta bambance lafiyayyar gyaɗa da wadda ƙwaro ya ci cikinta.

Ya ce, "Amarya, ware mini, ke ce gwana." Na ware a faifai biyu, amma don tsokana na musanya masa sunayensu, ina jiran ya gane in yi masa dariya. Ɗan boko bai fasa ko ɗaya ba, ya hau ɗaukar hoto.

Ranar gwaji, a gaban malamai 'yan uwansa, kwamfuta ta riƙa yabon lalatacciya. Ya dawo yana cewa kansa ne ba ya ja, zai bar horon.

Kunya ta hana ni faɗa masa gaskiya. Jama'a, ta ina zan fara masa bayani?

Wadda ta kayar da malamin dai kakarsa ce.