Ƙunshin da ya watsa kasuwar Matamaye

Salamu alaikum mai gabatar da shirinmu na rediyo. Ni ne Sani Mai Tsire na Matamaye, wanda ko kura ta hango sai ta sake hanya. Ka yi haƙuri da rubutuna, hannuna ya fi sabawa da wuƙa.

Ran kasuwa na ga wani ƙunshi kusa da tukubata, an ɗora masa dutse, ga waya ta leƙo. Na ce, "Jama'a, bam!" Kasuwa ta watse. Ni ban gudu ba fa, na dai riga kowa isa bayan masallaci da takalmi ɗaya.

Jandarmomi suka zo za su tarwatsa ƙunshin. Sai ga wata tsohuwa daga Dawce, Iya Hajo, tana kuka: "'Ya'yana, kar ku fasa min! Rediyon marigayi Malam ne, na kawo gyara." Ashe salla ta tafi. A ƙauyensu, in ka ɗora dutse kan kaya, kowa ya san da mai shi. Cikin rawanin mijinta ta naɗe shi. Ta ce tun da ya rasu, rediyon nan ke taya ta hira.

Wallahi kunya ta rufe ni. Na ce, "Iya, yafe min." Ta ce, "Kai ne mai takalmi ɗaya? Allah ya ƙara zuciya, ɗana."

Ni na kai rediyon gyara. Jama'a, mu kula, amma mu riƙa tambaya, "Na wane ne?" Don Allah ka gaida Iya Hajo da ƙarfi. Tana sauraro, kuma kunnenta ɗaya ne ke ji.