Wa Ke Harba Gajerun Harsasai?

A rumfar maƙerin bindiga a kasuwar garin Darra, wani direban babbar mota da wani tsoho suna jiran layi.

"Libarbar nan ta lalace, Baba," in ji direban. "Dogon harsashi ya ƙi shiga!"

Tsohon ya karɓa, ya leƙa ramukan zuba harsashin. "Lafiyarta ƙalau! Gajeru kake harbawa, marasa bugun hannu. Hayaƙinsu ne ya daskare a ciki. Buroshi da mai, shi ke nan."

"Ni? Gajeru? Wallahi ban taɓa ba! Ai sai ragwaye."

"To, wani na harba ta. Dattin nan ya kai na harsashi ɗari."

"Wa? Kullum ina hanyar Karachi, gidan daga uwar yara sai..."

"Sai wa?"

"Kai! Ashe uwar yaran ce ke harba ta! Tun bara diloli suka daina ɗauke mana 'yan awaki! Ni kuwa kare nake ta yabo, har nama nake sayo masa!"

Tsohon ya tuntsire da dariya.

Direban ya miƙe zumbur. "Maƙeri, wanke ta tas, ka ƙaro gajeru kwali biyu! Kare kuwa ya koma cin busasshiyar gurasa!"